Layi biyu na Komi Lawali

Duk wanda ya karɓi hatsin taimako a unguwar Yantala shekarar fari, zamanin soja, ya san Komi Lawali, magatakardan rabo. Ni Raliya, ni ce mai buga takardu a biro ɗinsu, wato ofishin rabon, don haka na sha fama da shi. Mutum ne siriri ɗan Tawa, da bik ja na rubutu a bayan kunne. Ko gaisuwa ka yi masa sai ka ga kamar zai ƙirga ta.

Aikinsa kaye guda ne, wato littafin sunayen masu karɓa. Kowane gida yana da lamba biyu: yawan bakin ci da aka rubuta farkon rabo, da bakin da aka tarar a ƙidayar baya. Sai ya ɗora guntun kwali a kan sunaye, wai kada ido ya ga ɗan'uwa, ya bi layin nan biyu da yatsa. Inda suka yi daidai ya wuce. Inda suka saɓa ya ja jan layi, a riƙe katin hatsin gidan sai an bincika. Umarnin sojoji ke nan, shi kuwa Lawali ya riƙe shi fiye da su.

Ran nan ya ja wa wani gida layi: shida a farko, biyar a baya. Ya ɗaga kwali, sai ga sunan Hawa, mai wankau a bakin kogi. Rabo kuwa jibi ne, in babu kati babu ko tiya ɗaya.

"Ƙarin baki ta yi tun farko," in ji shi. Ya ɗau kaye ya tafi kama ɓarauniya da kansa, har da sauri.

Ya dawo bayan azahar, ya zauna. Na ce, "Komi, ina ɓarauniyar?"

Ya ce, "Raliya, autanta ne ya rasu watan jiya. Da masu ƙidaya suka zo ta faɗa musu gaskiya. Ta ce da ta ce shida, da ba wanda ya taɓa katinta."

Wallahi tausayinsa ya kama ni fiye da nata. Ya jawo kaye, ya bi jajayen layukan nan ɗaya bayan ɗaya, yana ware gidajen da lambar baya ta fi ta farko ƙanƙanta. Gida talatin da ɗaya ya samu. Ya ɗaure katunansu da zare, ya tashi ya bi su gida gida, yana miƙa kati yana yin ta'aziyya.