Ranar da Takardu Suka Daina Maƙalewa

A ofishin masu zanen gine-gine da ke saman bene, kowa Baba Masinja yake ce masa, har manajan da ya girme shi da shekara biyu. Shekara goma sha tara ya yi yana kai takardu, da fari a keke, daga baya a babur ɗin ofis mai madubi ɗaya. Da aikin nan ya rufa wa kansa asiri, ya sa yara huɗu a makaranta.

Da imel ya shigo, aka sallami masinjojin layin kaf. Shi kaɗai ya tsira, kuma ba ƙwazo ne ya cece shi ba, kwamfutar sakatariya ce. Saƙo zalla tana tura shi lafiya lau. Amma da an liƙa masa zanen gini, sai ya je akwatin fita ya yi kwanciyarsa, ya tare wa na baya hanya. A kashe, a kunna, a zagi kamfanin intanet. Can sai manaja ya leƙo ya ce, "Baba, ɗauki filashin nan ka kai musu da hannu."

Masu gyara kuwa sun sha hawa benen nan. Wannan ya goge manhajar ya sake sakawa, wancan ya canja waya, kowa ya tafi ya bar cuta inda ya same ta. Ɗaya ne ya gano, shi ma sai da yana saukowa ya tuna, ya ce wa Baba da ke riƙe masa jaka, "Sikanar da kuke ɗaukar hoton zane da ita ce ke kumbura takardu. An bar lambar kaifin hotonta a dubu ɗaya da ɗari biyu. A mai da ita ɗari biyu, magana ta ƙare. Ka gaya wa manaja."

Baba ya ce to. Mutumin da bai taɓa ɓatar da ambulan ba, wannan saƙon ɗaya sai da ya shekara shida a aljihunsa. Shi ke ɗora takardu a sikanar, kuma kullum da safe in yana goge ta yakan leƙa lambar, kamar mai duba akuyarsa a turke.

Sai aka ɗauki sabuwar sakatariya, mai 'ya'ya biyu da miji a kwance. Wata Laraba aka buƙaci zane a wani gari da babur ba zai kai ba, saƙo kuma ya maƙale. Manaja ya yanke cewa hannunta ne ba shi da kyau. "In bai tafi kafin a tashi ba, gobe ki yi zamanki a gida."

Baba ya tarar da ita tana danna madanni ɗaya tana share hawaye. Ya fita, ya dawo, ya sake fita. Tsoro yake ji, kunya kuma ta fi tsoron.

"'Yata, miƙo zanen nan."

Ya rage lambar, ya sake ɗauka. Ta liƙa, ta tura, saƙo ya wuce.

Ofis ya kaure da tafi. Manaja ya riƙe hannunsa a gaban kowa ya ce ashe da injiniya suke zaune ba su sani ba. Mako uku ana yabonsa, babur kuma yana jingine a ƙarƙashin bene.

Ƙarshen wata manaja ya kira shi, ya yi masa godiya mai tsawo, ya sa hannu a takardar sallama, ya karɓi makullin babur. Sannan, don sabo, ya miƙo masa takardar.

"Baba, ɗauki hotonta a tura babban ofis."

Ya ɗora ta a sikana da kansa. Sakatariya ta liƙa, ta daɗe da yatsa a sama, tana roƙon Allah ya sa saƙon ya maƙale ko sau ɗaya, sannan ta danna. Kafin Baba ya ɗaga murfi ya ciro takardarsa, saƙo ya isa.