Sunan da Na Haska a Bango a Djougou

Ana sallame sallar asuba muka bar Ladjifarani, unguwarmu a Parakou, ni da abokin aikina, akwatin telekomand a kan cinyata kamar jariri. Ga wanda bai san su ba, wasu 'yan na'urori ne masu maɓallai da muke aiki da su a lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta unguwar Albarika. Malami ya haska tambaya a bango, kowane yaro ya danna amsarsa, nan take ordinata, wato kwamfuta, ta nuna nawa suka gane, nawa suka ɓata. Wata makaranta a Djougou ce ta gayyace mu mu gwada musu, ni kuwa kaina ya kumbura tun ban bar gida ba.

A tasha aka cusa mu a taksi kamar buhunan gawayi, direba har da cewa akwatin ma sai an biya masa kujera. Muka yi ta ciniki, daga ƙarshe ya haƙura. Hanya dai lafiya lau, itatuwan kashu dama da hagu, ga doya tuli-tuli a bakin titi. A Bétérou muka sayi wagashi, cukun nonon shanu, a hannun matan Fulani, ya fi na bara tsada, kuma ya fi na bara ƙanƙanta.

Da wasa-wasa, dambun garin doya, aka tarbe mu a Djougou, mai da yaji sun ji, na ci har na manta da abin da ya kawo ni. Mai makarantar wani Alhaji ne, jikan fataken goro, kuma yadda ake riƙe kanti haka yake riƙe da ita, abin da ya daina amfani sai a sauke shi. Akwai kuma dattijon malamin lissafi da kowa ke kira Baba, wanda rabin 'yan kasuwar garin a hannunsa suka koyi ƙirga. Wata malama ta raɗa mana cewa Alhaji ya daɗe yana neman dalilin maye gurbinsa da matashi. Na ji, amma hankalina yana kan wayoyin da nake haɗawa.

Na tsaya gaban aji na zuba bayani. Na ce babban amfanin abin nan shi ne yaron da ke tsoron a yi masa dariya zai amsa ba wanda ya gan shi, kuskurensa sirrinsa ne. Alhaji ya ce malamai ma su karɓa su gwada. Baba ya karɓi tasa, ya koma can bencin baya cikin yara. Ni kuma don neman burgewa na bi kowace telekomand na shigar da sunan mai ita, na Baba ma shi na fara rubutawa, wai girmamawa.

Gaskiya abin ya yi kyau. A tambaya ta biyu yawancin ajin suka faɗi, na ce kowa ya juya ya fahimtar da na kusa da shi, aka sake dannawa, sai ga masu daidai sun yi rinjaye. Alhaji ya ji daɗi, ya kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan, ya ce, “Mushe, ana iya ganin wanda ya fi kowa?” A nan ya kamata in ce a'a. Sai na ce, “Sosai ma, Alhaji,” na danna.

Sunaye suka jeru a bango, manya-manya, daga na farko har na ƙarshe. Na ƙarshen Baba ne, ko ɗaya bai ci ba. Ba yaron da ya yi dariya, sai dai na ga suna ajiye na'urorin a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, kawunansu a ƙasa. Alhaji ya daɗe yana kallon bangon. Baba kuwa murmushi yake yi, ya karkata wajen yarinyar da ke gefensa ya ce, “'Yata, wa ya zo na ɗaya?” Sai a lokacin na gane ba ya ganin abin da ke bangon.

Malamar nan ce ta ja ni waje, idonta ya yi ja. Ashe yana ce ta rufe masa ido tun bara. Da ka yake koyarwa, yara ke karanta masa aikin littafi da ƙarfi kamar dama tsarin ajin ke nan, malamai suna taya shi duba takardu. Duk makarantar ta haɗu ta rufa masa asiri a wurin Alhaji, ni baƙo na zo na tona shi kafin azahar. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Da la'asar na hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa Sérou, inda gidansa yake, hanyar duk jan birji. Na same shi a kan tabarma, na durƙusa a gabansa. Ya ce, “Tashi, ɗana, na'urarka ba ƙarya ta yi ba.” Saƙon Alhaji ya riga ni isowa, wai ya huta a gida har idon ya warke, kuma ni da shi mun san ma'anar wannan hutun. Ya tambaye ni ko yaran da suka ɓata tambaya ta biyu sun gane daga baya. Na ce, “Sun gane, Baba.” Ya ce, “To abinka yana da kyau. Sunayen kawai za ka cire.” Ya sa aka ɗaure mini doya a bayan babur.

Na koma na roƙi Alhaji, ya saurare ni da fara'a, ya ce zai duba. Daga nan ni da abokin aikina muka kamo hanyar Parakou.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, tambaya a aji ana yin ta ne don malami ya san inda zai gyara, ba don a nuna wa duniya wanda ya faɗi ba. Na goge sunaye daga ordinatata gaba ɗaya, ko ni ban san wa ya danna me ba yanzu. Na kira malamar jiya, ta ce matashin ya fara aiki. Doyar tana nan a kusurwar kicin, maiɗakina ta tambaye ni yaushe za a daka sakwara, na ce ta bari tukuna.