Tokar Mai Kore

Shekara talatin da wani abu ke nan Mai Kore tana ginin kwanoni da kofuna a rumfar magina da ke bayan tashar mota, kuma ba a taɓa zarginta da rowa ba sai bana. Sunan ya samo asali ne daga ruwan sheƙinta, wato haɗin da ake tsoma kwano a ciki kafin a mayar da shi tanderu ya fito yana ƙyalli. Nata kore ne shar, kamar ganyen da ruwan sama ya wanke. A wurin mahaifinta ta gaje shi, tare da wani tsohon sikeli da saurin fushi.

Mace ce da ba ta iya ɓoye komai ba. Ko bayanta ne ya riƙe, kafin azahar duk rumfar ta sani. Saboda haka ran da Gajera, ƙawarta da suke gashi a tanderu ɗaya tun suna goyon fari, ta ce wani gidan abinci ya ba ta aikin kwano arba'in kuma kore suke so, Mai Kore ba ta yi wata-wata ba. Ta yagi kwalin sabulu ta rubuta mata komai: toka kaza, farin yumɓu kaza, garin dutse kaza, da ɗan garin tagulla.

Kwanonin Gajera suka fito kamar masu ƙyanda. Ruwan ya zubo ya manne su da gindin tanderu, launin kuma abin tausayi.

"Sikelinki ne ya tsufa," in ji Mai Kore, ta ara mata nata, wanda ya girmi na Gajera da shekara ashirin. Gashi na biyu ma haka. A na uku ta jera kwanoninta kusa da na Gajera da hannunta, don kada a ce wuta ce ta yi son kai. Da aka buɗe tanderu, nata na ɗaukar ido, na Gajera ko kare ba za a zuba wa ruwa a ciki ba. Gidan abincin suka kai aikinsu wani wuri.

Daga ranar gaisuwa ta koma "sannu" kawai, ita ma ba tare da ɗaga kai ba. Mai Randa, dattijon da ke gini a bakin ƙofa, ya riƙa cewa, "Yaya, abin da kika rage ɗin nan, don Allah ki sa shi a wasiyya." A yi dariya, ita kuwa ranta ya yi ta ƙuna. Da ta kai kuka gida, maigidanta ya ce, "Ke da sirri? Ke da ko takalmi kika sayo min sai kin faɗa min launinsa tun kina hanya?" Wannan ma bai sanyaya mata zuciya ba. Abin da ke cin ta shi ne ƙawarta ta shekara talatin tana kallonta a matsayin munafuka, kuma ba ta san ta inda za ta wanke kanta ba.

Wata safiya ta tare Gajera a bakin rumfa, ta kama hannunta. "Yau sai kin biyo ni gida. Zan haɗa a gabanki, in kin ga aljani ki kama shi."

Gajera ta bi ta, ta tsaya a ƙofar ɗakin ajiya ta harɗe hannuwa. Mai Kore ta auna yumɓu, ta auna garin dutse, tana faɗin kowane awo da ƙarfi kamar mai koyar da kurma. Sai ta ce a jira ta ɗebo toka, ta nufi bayan ɗaki, Gajera na biye da ita. Nan ga ganguna uku cike da ruwa, ga toka shanye a kan buhu.

"Wannan fa?" in ji Gajera.

"Wankin toka mana. A jiƙa, a tsiyaye ruwan, sau biyar, sannan a shanya."

"Ina kika rubuta min haka?"

"To ai wannan ba ya cikin haɗi! Babanmu don hannu yake yi, toka marar wanki tana cin fata."

Gajera ta zaro safar hannu ta roba daga jakarta ta ɗaga mata. Ita da safa take aiki, bai taɓa zuwa mata a rai ta wanke toka ba. Mai Kore kuwa duk tsawon shekarun nan ta ɗauka fatarta take karewa, ashe launin take yi. Daɗi ya kama ta har da ƙwalla. Ta cika wa Gajera buhu da wankakkiyar toka, ta raka ta har bakin titi tana ta surutu.

Bayan sati biyu kwanonin Gajera suka fito kore shar. Mai Kore ta shigo rumfa da murna za ta yi mata barka, sai ta tarar an kewaye Gajera, kwano na yawo daga hannu zuwa hannu.

"Na faɗa muku akwai abin da ta rage," Gajera ke cewa. "Sai da na bi ta har bayan ɗakinta na kama ta da idona."