Batir Biyun da Na Ƙara wa Fitilar Hafsatu

Malama Ladi, daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu jikina bai sake ni ba. Amma bari in fara da abin da ya faru ido biyu, don ki gane.

Kin san jikata Hafsatu mai karatun lantarki a kwaleji. Sati uku tana haɗa wata fitila a kan tabarmata, ƙananan ƙwayaye goma masu aiki da batir. Jibi Alhamis za ta kai wa malamansu, da ita za a ce ta ci ko ta faɗi. Ina gefe ina tsintar wake na ji tana cewa kowace ƙwaya ashirin take sha, goma sun sha ɗari biyu, batir kuma dubu biyu ke cikinsa, in an raba zai kai awa goma. Na ce, "Ashirin ɗin me? Ludayi ko moɗa?" Ta ce, "Ke dai tsohuwa, tsaya a wakenki."

Shekaranjiya da ta fita na kunna, na ga hasken ko na aci-balbal bai kai ba. Na ce wannan ai rowa ce, batir uku kacal. Na ciro biyu daga rediyona, na jera a bayan nata, na naɗe da takarda na ɗaure da roba, yadda na saba. Haske ya tashi fes. Kafin in idar da alwala ƙwayayen sun mutu ɗaya bayan ɗaya, da ɗan ƙauri. Na zare nawa, na rufe kwalin da fitilar ke ciki, na mayar inda yake. Ba ta buɗe ba tukuna, ni kuma ban ce uffan ba.

To, a mafarkin na gan ni tsakiyar rafin ƙauyenmu, babu ruwa, rana tsaka amma ba ni da inuwa. An ajiye wani faifai mai faɗin tsakar gida, ƙwayayen nan a kai suna buɗe baki kamar 'yan tsaki. Tulu ne a kaina, da na shafa sai na ji batir ne, sanyi ƙalau. Wata murya daga ƙarƙashin yashi ta ce, "Nawa kowace take sha?" Na ce ashirin. Ta ce, "Ashirin ɗin me?"

Sai kawai wuyana ya karkata da kansa, wuta ta dinga zuba musu kamar kunu. Ina cewa ya isa, ya isa, wuyan ya ƙi miƙewa. Wadda ta ƙoshi sai ta haska, ta kumbura, ta yi baƙi. Na tuna ɗan abin nan mai zane-zane kamar ƙwayar shinkafa, wanda Hafsatu ta ce shi ke rage ƙarfin wuta. Ga su nan cike da buhu a gefena, kowanne da launinsa. Na cusa hannu har gwiwa, ban san wanda zan ɗauka ba.

Sai kawai ga ni a cikin aji. Malamai uku a zaune, ba na ganin fuskokinsu. Lambobi na yawo a allo kamar tururuwa. Ɗaya ya miƙo mini alli, ya ce in lissafa abin da batir biyar zai tura wa ƙwaya guda. Ni da ban taɓa riƙe alli ba. Allin ya narke a tafin hannuna.

Hafsatu na tsaye da kwalin, tana danna makunni, shiru. Ta juyo ta ce, "Iya, wallahi sau uku na lissafa. Ko dai kaina ne ba ya ja?" Na yunƙura in ce ni ce, sai na ji bakina cike da yashi. Ina tofarwa yana ƙaruwa. Ta ajiye kwalin, ta cire takalmanta, ta fita.

Kiran assalatu ya tashe ni, na tarar da ita tana goge hijabin da za ta sa ranar Alhamis ɗin, har da 'yar waƙarta.

Malama, kin san ni, ban taɓa ba yaro haƙuri ba, ko ubanta da na haifa. Mene ne fassarar yashin nan a baki? Nuni ne cewa lokacin magana ya riga ya wuce mini, ko gargaɗi ne in kira ta yau, tun kwana biyun nan na iya isar ta ta sake haɗawa?