Libarbar Gida Biyu

A kan tudun da ke bayan garin Danao, inda gonakin masara suka ƙare kurmin kwakwa ya fara, akwai wani maƙeri mai suna Eutiquio Manulat, wanda kowa ke kira Tikyo. A hannun mahaifinsa ya koyi riƙon magagari, kuma kamar yawancin maƙeran wannan tudu, bindiga yake ƙerawa a rumfar bayan gida ba tare da izinin hukuma ba. Mutum ne mai ƙarancin magana da jinkirin aiki. Matarsa Soling takan ce kafin ya gama goge kunamar bindiga guda, ɗan tsako ya isa yanka.

Amininsa tun ƙuruciya shi ne Gaudencio Capuyan, wato Gauding, dillalin busasshiyar kwakwa, mai surutu da fara'a. Shi ya tsaya wa 'yar Tikyo ranar baftisma, saboda haka suke kiran juna Pare. Sai dai abin da ya fi ɗaure su ya girme su duka biyu. A lokacin yaƙin Japanawa, iyayensu maza sun shiga daji tare, kuma bindiga ɗaya tak suka samu su biyu: libarba ƙirar Amurka, mai cin harsashi shida, wadda tun a lokacin ma ta tsufa. Wanda ke gadi shi ke riƙe ta. Da aka gama yaƙi suka kasa raba ta, sai suka yanke cewa ta yi shekara a wannan gida, ta yi shekara a wancan, a riƙa miƙa ta ranar bikin waliyyin gari. Iyayen suka rasu, 'ya'yan suka ci gaba. Shekarar da take hannun Tikyo, yakan ji kamar mahaifinsa na nan a ɗaki bai tafi ba.

Ana nan sai masu tara tsofaffin makamai suka fara hawowa daga Manila da motocin haya. Abin da a da ake bayarwa a madadin akuya ya koma kuɗin fili. Ba aikin maƙeran tudu suke nema ba, tsohuwar ƙira ta asali suke so, mai tsatsarta da tabonta. An taya libarbar a gaban Tikyo sau da yawa, amsarsa kullum ɗaya ce: rabinta ne nasa, kuma rabin ba na sayarwa ba ne.

Wata rana da hantsi, a shekarar da libarbar ke gidan Gauding, sai ga shi ya shigo rumfa da ita a ƙunshe cikin tsumma.

"Pare, har yanzu wannan ƙusar kake gogewa? Ai tun ina da gashi a kai na bar ka a kanta."

"Kai da gashi? Wane zamani ke nan?" in ji Tikyo, bai ko ɗaga kai ba.

Gauding ya yi dariya, ya ja kujera. "Wata shawara na zo da ita. Tsufa ya kama mu. Shekarar da abin nan ba ya gidana, bangon ɗakina sai ya zama kamar bakin tsohuwa ba haƙori. Ka ƙera mana 'yar'uwarta mana, wadda za ta zauna a gidan da babbar ta bari. Ko hannun ya mutu ne?"

Maganar ta shiga Tikyo ta wuri biyu, ta zumunci da ta sana'a. Ya ajiye duk wani aiki. Ya auna libarbar gaɓa-gaɓa, ya zana, ya mayar wa Gauding. Damina guda ya yi yana gugar ƙarfe. Ya nemo tsohon katako ya sassaƙa ƙota, ya jiƙa ta da man kwakwa da gumin hannunsa har ta yi duhu. Ya binne ƙarfen a laka mai gishiri don tsatsa ta ci shi daidai gwargwado, har tsagin da ke gefen ƙota ya kwaikwaya. Bai taɓa yin aiki irin wannan ba, bai kuma karɓi ko kuɗin gawayi ba. Ranar da ya kai sabuwar, Gauding ya jera su biyu a kan tebur yana juya kai.

"Kai, Pare, tsohon maye! Uwarsu ma ba za ta bambance su ba."

Ranar biki, gidan Gauding ya cika. An gasa alade, ga shinkafa cikin saƙar ganyen kwakwa, ga giyar kwakwa a tulu. Bayan an ci, Gauding ya miƙe kamar yadda aka saba, ya ambaci sunayen iyayensu, ya ɗora ƙunshin a tafin Tikyo, mutane suka tafa. Tun kafin Tikyo ya kwance tsumman, hannunsa ya gaya masa. Ya buɗe, ya ga gugar magagarinsa. Ya jira har amininsa ya zagaya bayan gida wajen tulu, sannan ya bi shi.

"Pare, ka yi kuskure. Ƙaramar ka ba ni."

Gauding ya ci gaba da zuba giya. "Ita ce dai. Ka riƙe."

"Ina ta iyayenmu?"

"Tana Manila, cikin akwatin gilashi, ana hura mata sanyi. Ta fi mu jin daɗi, wallahi." Ya yi 'yar dariya, da ya ga ba a taya shi ba sai ya haɗe fuska. "Haba, Tikyo, ƙarfe ne fa. Mu ba harbi muke yi da ita ba. Ga wata a hannunka, kai da kanka ka ce ba ka taɓa aiki kamarta ba."

"Tun ranar da ka zo rumfata ka riga ka yi ciniki?"

Gauding ya kurɓi giya, ya goge baki, ya ce a hankali, "In ƙara za ka kai, ofishin 'yan sanda na nan kusa da kasuwa. Sai dai za su tambayi wanda ya ƙera wadda ke hannunka."

A nan Tikyo ya gane cewa ba a yi tsammanin za a ruɗe shi ba ko kaɗan. An san zai gane, an kuma san ba shi da bakin magana. Da hannunsa aka sa ya ƙera abin da za a rufe idon gari da shi, kuma da wannan hannun aka ɗaure shi. Ya dubi mutumin da suka yi iyo a rafi ɗaya tun suna tsirara, ya rasa abin da zai kira shi. Ya koma cikin taro, ya taɓa kafaɗar Soling, suka fita ana tsakiyar kiɗa.

Bai gaya wa kowa ba sai ita. Ya ci gaba da sana'arsa har idonsa ya raunana, amma bai sake karɓar aikin kwaikwayon tsohuwar bindiga ba, duk da masu zuwa suna roƙo. Da bikin shekarar da ta biyo bayan wancan ya zo, maƙwabta suka taru a gidan Gauding suna jiran a kawo libarba. Tikyo yana rumfarsa a lokacin. Ya riga ya sare bakin bindigar da ya ƙera da zarto, yana lanƙwasa shi ya yi wa Soling sakatar kejin kaji.