Ranar da Kwamiti Ya Saurari Kalimbata

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da aka gurfanar da ni saboda ɗan katakon da bai wuce tafin hannu ba.

Farkon shekarun Shari'a ne, lokacin da kowa a Rano ya ɗage wando ya saki gemu. Ni tela ne, kuma shagon da nake ciki na masallacin unguwa ne. Wani abokina direba ya kawo min tsaraba daga Kano, ya ce sunanta kalimba. Siraran ƙarafa ne a jere bisa katako, da manyan yatsu ake taɓa su. Sautinta kamar ɗigar ruwa a tasa. Idan ɗinki ya yi sanyi nakan ɗan taɓa, ashe ana ji.

Kwamitin tarbiyya na unguwarmu ya zauna a zauren shugabansa, wani Alhaji mai sayar da taki. Magana ɗaya ce: in kalimbar kayan kiɗa ce, in kwashe keken ɗinkina in bar shagon.

"Mu ba ma hukunci da ji-ta-ji-ta," in ji Alhaji. "Taɓa mu ji."

Na taɓa. Sakatare ya ce shi dai ƙarar agogo ya ji. Wani dattijo ya ce ƙafarsa ta motsa ba da izininsa ba, don haka akwai shubuha.

Alhaji ya karɓa, ya taɓa ƙarfe na uku, ya ɓata rai.

"Malam tela, ba ka jin wannan yana ziza? Haka kake azabtar da jama'a?"

Ya sa aka kawo filaya. Ya ja wannan, ya tura wancan, ya ce ni matsalata farce ne, na cika yanke shi. Sannan ya gyara zama ya saki wani salo da ban taɓa sanin yana cikin katakon nan ba. Dattijon nan sai da ya danne gwiwarsa da hannu biyu. Daga baya na ji cewa da samartaka garaya Alhaji yake kaɗawa a bukukuwan garin Kibiya.

Kiran La'asar ne ya dawo da kwamiti hayyacinsa. Aka bar min shago, ita kuwa kalimba aka ce ta zauna wajen Alhaji har a kammala bincike. Shekaru aka yi ana binciken nan. Maƙwabtansa sun ce kullum bayan abincin rana yake yin sa, kuma kullum ƙara daɗi yake.

Abin da na koya shi ne, sau da yawa wanda ya fi kowa zafi wajen hana abu, shi ya fi kowa sanin daɗinsa. Kuma in manya suka ce ka kawo kayanka a bincika, ka yi ban kwana da shi tun daga gida.