Yadin Jirgin Jamus a Cikin Laya

Ni baduku ne, ɗan baduku. Rumfarmu tana Moshi Zongo a Tamale, inda mahaifinmu ya zauna bayan fataucin goro ya ƙi shi. Da ya rasu sai rumfar ta zama tamu, ni da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na fi sanin rini, shi ya fi ni ɗinki, kuma masu sayen takalma sun san haka. Mutum zai shigo ya gaishe ni, sannan ya ce ina ƙanenka. Ban taɓa gaya wa kowa yadda wannan yake ci mini rai ba.

Ana cikin yaƙin Ingilishi da Jamus na biyu sai wani kuku ya kawo mini maigidansa, Baturen da ke kula da hanyoyi da gadoji. Ya manyanta, yana jin Hausar bariki. A yaƙinsu na farko makanikin jiragen sama ne, kuma abin bai sake shi ba. Idan ya tashi aiki sai ya zauna yana sassaƙa ƙananan jirage da icen rimi, kowanne bai fi taƙi ɗaya da rabi ba. Jiragen yaƙin Jamus na farko yake yi, masu fiffike biyu, ɗaya a bisa ɗaya, an ɗaure su da zare. Damuwarsa launi. Fentin kanti yana ƙyalli, shi kuwa ya ce waɗancan jirage yadi aka lulluɓe su da shi, kuma launinsa a kwance yake.

Ya buɗe gwangwanin taba ya fito da wani ƙyalle da bai fi hankici ba. An buga masa tabo-tabo masu kusurwa, kamar saƙar zuma da aka murɗe: shuɗi mai duhu, kore, ruwan ƙasa, wani ruwan toka, da shunayya irin ta ɗinyar da ta fara nuna. Tsakiyarsa ta koɗe. Amma da ya warware naɗin gefe, inda rana ba ta taɓa ba, sai ga launin da ransa.

Ya ce, "Nan za ka duba, Baduku. Wancan na tsakiya ƙarya ne. Wannan ba ado ba ne. Jamus ya yi shi don ido ya ruɗe. Idan ka duba daga sama, jirgi ya narke cikin gonaki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ka samo shi?"

"Na yanko daga wanda muka harbo."

"Ashe an gan shi."

Ya yi dariya. "An gan shi sarai."

Ku riƙe wannan maganar. Ni na ji ta da kunnena, kuma ni kaɗai ne a Zongo na ji ta.

Ya bar mini ƙyallen, na shiga aiki. Shuɗi daga baba, kore daga garin tagulla, rawaya da ɗigon kuloko, baƙin rinin dukawa, su ba ni ruwan ƙasa. Da tsinke nake ɗiga tabon a kan alawayyo, kowanne bai kai ƙwayar dawa ba, domin ya ce tunda jirgi ya ƙanƙance dole tabon ya ƙanƙance, kuma a sassauta launin kaɗan, don duhu yana yin yawa a kan ƙaramin abu. Na ƙarƙashin fiffike ya fi haske, ruwan hoda da ruwan sararin sama. Wannan daga ka yake faɗa mini. Cikin launuka biyar na ƙyallen, huɗu sun zauna. Shunayyar ce ta ƙi. In na ƙara karan dafi ta yi ja, in na ƙara baba ta mutu.

Ni mutum ne mai son a saurare shi. Bayan la'asar, a bencin mai shayi, na fitar da ƙyallen ina ba da labari. Na ce yadin da ke ɓatar da jirgi a sama ke nan. Wani tela ya karɓa ya jujjuya ya ce, "Wato layar zana ce ta Turawa." Kowa a nan ya san layar zana, wadda ake cewa mai ita yana wucewa ba a ganinsa. Kalma ɗaya ta ishe ni in kashe zancen. Na yi murmushi na kurɓi shayina.

A lokacin ana ɗibar samari soja, ana kai su ƙasar Bama, can ƙetaren teku. Kwana kaɗan sai ga wani ya zo rumfa yana magana ƙasa-ƙasa, wai laya yake so. Na yanko masa kamar farce daga naɗin gefe, inda na ga ba za a lura ba, na ɗinke a jan fata. Wani ya biyo. Mutanen da ba sa tsayawa gaishe ni suka fara durƙusawa a ƙofar rumfa, kuma wannan ya fi mini abin da suke ajiyewa daɗi.

Ƙanena yana son shiga soja don ya koyi tuƙin lori, amma matarsa tana da ciki, kuma tsoro yana riƙe da shi. Bai taɓa ɓoye tsoronsa ba. Wata rana da hantsi, rumfa cike da mutane, ya ajiye basilla ya dube ni.

"Yaya, tsakaninka da Allah, abin nan yana aiki?"

Telan nan ya ce, "Kai, farar kura! Yayanka ne zai cuce ka?"

Aka yi dariya. Cikin masu dariyar akwai uban wani da na riga na ɗinka wa. Da na faɗi gaskiya, da na tsaya tsirara a gabansu. Kuma akwai ɗaya dalilin, wanda na daɗe ban yarda da shi ba: na hango rumfar babu ƙanena a ciki.

Na ce, "Jamus ba sa wasa da aikinsu."

Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa wannan ba ƙarya ba ce. Na yanko masa mafi girma, tabon shunayya sukutum, wanda ya rage a naɗin. Shi ya ɗinke layar da hannunsa, don ya ce ɗinkina yana warwarewa.

Mahaifiyarmu ta kira ni ɗaki. Ta ce, "Kai ne babba. In ka ce ya zauna, zai zauna."

Na ce, "Mma, ba yaro ba ne."

Ta juya ta ci gaba da tankaɗe.

Bayan tafiyarsa na ƙarasa aikin Bature da shunayyar da na auna da koɗaɗɗen wuri, tunda na gaskiyan ya tafi. Ya manna yadin a fiffike, ya ɗaga jirgin a rana, ya daɗe yana dubawa. Ya ce a ba shi ƙyallensa. Da ya warware gefen sai ya ga giɓi.

"Ina sauran?"

"Ɓera ne, ranka ya daɗe."

"Ɓeran Tamale yana da almakashi," in ji shi.

Bai yi faɗa ba. Ya ninke abin da ya rage ya mayar gwangwani. Ya miƙo mini jirgin ya ce, "Riƙe. Wannan ba na Jamus ba ne, naka ne." Bai sake takowa Zongo ba, ni kuma a lokacin fushinsa ne kawai ya dame ni.

Da yaƙi ya ƙare, lori-lori suka riƙa sauke sojoji. Namu bai sauko ba. Wani mutumin ƙauyen Kasalgu da suka yi zama tare a soja ya zo gida da bargon ƙanena, da kofinsa, da layar. Ya zauna a tabarma ya faɗi yadda abin ya kasance, a gaban Mma da matar ƙanena da yaron da bai taɓa ganin ubansa ba. Ya ce duk rundunarsu ba wanda ya kai shi zuciya. Inda kowa yake jan ciki, shi a tsaye yake ratsawa, hannunsa a kan ƙirji. A bakin wani rafi, a fili, yana ɗauke da ruwa, harsashi ya same shi.

Matar ta ce, "Shi? Mutumin da ba ya iya yanka kaza?"

Mutumin ya ce, "Wallahi shi." Ya ɗauka yabo ya kawo mana.

Mma ba ta dubi baƙon ba. Ni ta duba.

Na ɗauki layar na tafi rumfa. Ɗinkinsa bai saki ko zare ɗaya ba, sai da na sa wuƙa. Gumi ya baƙanta fatar, amma ƙyallen yana ciki kamar ranar da na yanke shi. Jirgin yana rataye a inda na rataye shi.

Mutane suna cewa na yi kuka ranar, kuma na yi. Amma ba shi na fara yi ba. Na miƙa hannu na sauko da jirgin, na ɗora ƙyallen a kan fiffike, na matsa bakin ƙofa inda haske yake. Tawa shunayyar ta gaza da ja kaɗan. Na san daidai yawan karan dafin da ya kamata in ƙara.